Warin Takalmi

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ni ne Auta, kuma ina raye. Na fara da wannan ne don na san kwana tara ke nan kina kiran wayata, ita kuwa tana can ƙarƙashin bango.

Yaya, ki sami wuri ki zauna. Inna ta rasu. Girgizar ƙasar ta zo da sassafe, na fita ɗebo ruwa, ita tana ɗaki. Benen maƙwabta ne ya kwanto a kan ɗakinta. Ni da Mahauci, wanda shagonsa ke jikin nawa, muka yi ta tono da hannu da guntun rodi har faratanmu suka fita. Sai da la'asar muka kai gare ta. Ba zan gaya miki yadda muka same ta ba, ko kin tambaya. Mun yi mata sutura da abin da ya samu. Matata da 'yarmu sun tsira da ƙujewa kawai.

Yanzu duk unguwarmu tana filin ƙwallo, a cikin tantuna. Ƙungiyar agaji ta kafa ofis a ɗakin da 'yan wasa ke sauya kaya. Akwai wata malamar ofis mai kirki, ita ce za ta ɗauki hoton takardar nan ta tura miki. In kin ba da amsa za ta buga mini, ranar da janareta ya ga dama.

Kin san ba na ƙara wa magana gishiri, to mutane sun koma wani abu dabam. Shekaranjiya aka kawo shinkafa. Mai Sito, dattijon nan da Inna ke sayen sabulu a wurinsa, shi aka ba rabo. Buhuna suka ƙare, layi bai kai rabi ba. Wani ya ce ya ga an fitar da buhu biyu ta baya. Gaskiya ne ko ƙarya, ba wanda ya tsaya tambaya. Suka jawo shi ta gemu daga kan teburi suka yi ta tattaka shi. Wata mata da na sani tun tana yarinya ta rotsa masa bulo a kai. Haƙoransa na gaba ni na tsince su a ƙasa, na rasa wanda zan ba. Yana tantin likitoci, bai san wanda ke kansa ba.

Na ji an ce can wurinku ana tara mana kaya. Don Allah ki gaya musu su daina aiko da rigunan sanyi, zufa muke yi. Takalmi muke so. Kowa da ƙafarsa ya fito a guje, takalma suna bakin ƙofa, ƙofofin kuma babu su. Garin nan kaf ya zama gilashi da ƙusa da tsinin rodi. In kin ga layin ruwa, sawun jini ne tun daga tanki har tanti. Shekara ashirin ina ɗinkin takalmi, ban taɓa kallon ƙafafun mutane kuka ya zo mini ba sai yanzu. Ina yanka tsohuwar taya ina ɗaura wa yara da tsumma, amma tayar nawa ce, ni kuma hannu nawa gare ni?

Ki yi wa Inna addu'a. Ki gai da kowa da kowa.

Ni ne ƙaninki,
Auta

*

Zuwa ga Autan Inna,

Wa'alaika salam. Bayan gaisuwa da ta'aziyyar abin da ya same mu. Ina bakin aiki a ɗakin wankin asibiti takardarka ta shigo. Layi huɗu na karanta na zube a gaban injin, sai abokan aiki ne suka ɗaga ni. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekara goma sha ɗaya ina ce mata baɗi zan zo. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Kai kuma Allah ya saka maka, ka yi abin da ni ban yi ba.

Kwana biyu na yi ina kuka, rana ta uku na miƙe, don in na ci gaba da zama haukacewa zan yi. Ka ce takalmi, to takalmi za ku samu. Na je wurin shugabar reshen ƙungiyar da ke nan na ce a ba ni ɗakin taro. Ta fara jero mini ƙa'idoji, na ce mata uwata ce ta mutu a ƙarƙashin bulo, ba tata ba. Ta miƙo makulli.

Ka zo ka ga halin mutane, Auta. Akwai na Allah. Wani tsoho ya cire na ƙafarsa ya ajiye, ya koma mota da safa. Akwai kuma waɗanda suka mai da mu bola. Wata ta kawo mini takalmin ado mai dunduniya kamar basillarka, ta tsaya tana jiran godiya. Na ce ta saka shi ta taka fasasshen gilashi in gani. Ta ce ba ni da tarbiyya. Na ce da gaskiyarta, mai ba ni tarbiyyar ba ta yi wata guda da mutuwa ba. Ka dai san bakina, Inna ma ta yi ta gaji ta bar ni.

Mun tara takalman mutum dubu uku da ɗoriya, masu ƙwari, na manya da na yara. Abin da ke ci mini rai shi ne tashar jiragen ruwanku. Barguna da fitilun da aka aika makon farko, ɓarayin tasha suka fasa kwantenar suka yi awon gaba da su, washegari kayan suna kasuwa ana ciniki. Mutanen da ke sata a kan gawa! To ni ba za a yi mini haka ba. Na yi wata dabara, ni da mata shida kwana tara muna kanta har bayanmu ya ƙage. Duk ɓarawon da ya fasa kayana sai ya ciji yatsa. Ba zan rubuta ta a nan ba, takardar nan hannu nawa take bi kafin ta same ka? In kayan sun iso za ka gani da idonka, za ka ce lallai aikin Yaya ne.

Magana ta ƙarshe, kuma ba shawararka nake nema ba. An tambaye ni wa za a danƙa wa rabon a can, na ba da sunanka. Wa ya san ƙafa kamarka? Kuma kai ko allurar wani ba ka taɓa ɗauka ba. Kada ka fara mini sanyin jikin nan naka, wai a ba wani. Tun kana rarrafe nake tura ka gaba, ban gaji ba.

Ka gai da matarka, ka shafa mini kan 'yata. Ka ci abinci.

Yayarka

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na sami saƙonki, kuma malamar ofis ta ce jirgin da ya ɗauko kayanki yana hanya. Allah ya ba ki lada, ya ba tsohon nan mai safa.

Kin ce ba shawara kike nema ba, to ni ma ban ba ki ba. Amma matata da ta ji an ba ni rabo sai da ta ajiye kwanon da ke hannunta. Ta ce, "Yaya tana can tana aiko da umarni. Ka gaya mata yadda Mai Sito ya ƙare?" To bari in gaya miki. Mai Sito ya rasu ranar Talata, bai farfaɗo ba. Waɗanda suka tattaka shi suna cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

Abin sai ƙaruwa yake. Jiya direban tankar ruwa ya makara, da ya iso suka fasa gilashin motar suka jawo shi ta taga, suka karya masa hannu a kan tayar. Masu gadi suka shigo da bulala ba ji ba gani, wata mai ciki ta faɗi aka bi ta kanta. Ruwan kuma ya tsiyaye a ƙasa, ba wanda ya sha.

Akwai abin da ya tsaya mini a ƙirji, ke kaɗai zan iya gaya wa. Tun da na ji takalma na zuwa na fara auna ƙafafu. Ina yayyanka kwalayen agaji, mutum ya taka in zagaye ƙafarsa da biro in rubuta tantinsa, don ranar rabo kada a yi ta gwaji ana turereniya. Kwali ya fi dubu yanzu a tantinmu, har ba mu da wurin miƙe ƙafa. 'Yar Mahauci, mai shekara shida, ta zo na auna ta. Ubanta ya ce in ɗaura mata taya kafin nan. Tayata ta ƙare a ranar, kuma na gaji. Na ce, "Ka bari, na gaske na zuwa, Yayata ta aiko." Bayan kwana biyu ƙusa ta soke ta a bayan tanki. Ƙafar ta kumbura, haƙoranta suka sarƙe, jikinta ya sandare. Allurar ciwon ta ƙare wa likitoci. Kwana takwas ta yi, a hannunsa ta cika. Ita kaɗai girgizar ta bar masa.

Mahauci ya zo ya nemi kwalinta, na ba shi, ya sa a cikin riga. Mutumin da in ya yi dariya ana ji daga ƙarshen layi, yanzu sai dai ya zauna yana kallon ƙafafun masu wucewa. In na gaishe shi yakan amsa, amma ba ya kallona.

Ga abin da na yanke game da rabon. Abin da ya kashe Mai Sito shi ne ƙofar baya. To ni ba ni da ƙofar baya. Na roƙi ƙungiya kada a kai kwantenar sito, kada kowa ya leƙa ta, har ni. A sauke ta a tsakiyar fili da kwaɗonta da hatiminta, a fasa a gaban jama'a da rana tsaka. Abin da ke ciki ni da su mu gan shi lokaci ɗaya. Ta haka ba mai cewa na ɓoye ko igiyar takalmi. Matata ma da ta ji wannan ta ɗan saki rai.

Dabarar taki kuwa na bar miki kayarki, na san ba kya rasa ta. Ki huta lafiya.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Gaisuwa daga baya. KADA KA BUƊE KWANTENAR NAN A GABAN KOWA. Ka ji ni? Kada ka buɗe.

Kwantena biyu ce, ba ɗaya ba. Dabarar ke nan. Mun raba kowane takalmi da ɗan'uwansa, ƙafar hagu duka a kwantena ɗaya, ƙafar dama duka a ɗaya, don ɓarawon da ya fasa ya ga ba abin da zai sayar. Kowane wari mun rubuta masa lamba a ciki, irin ta ɗan'uwansa, in sun haɗu a wurinka sai ka haɗa su. Jirgi ɗaya ya kamata su hau. Yau na je ofis na tarar ashe ta biyun ba ta tafi ba, wai takardarta ba ta cika ba, an bar ta a tasha kuma ba wanda ya ga ya dace ya gaya mini. Na kusa shaƙe mutumin. Ta hau jirgi na gaba, za ta iso bayan mako uku.

Wadda ke zuwa maka hagu ce zalla. Ka sa a kai ta sito a kulle. Ka tara mutane ka karanta musu wannan takarda, ɓarayi ma su ji, ban damu ba. Ka ce laifina ne, ka zage ni a gabansu in ya kama.

Na kira lambar malamar ofis sau ashirin ba ta shiga. Don girman Allah ka ba ni amsa yau.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki kamar yadda ya kamata ƙanwa ta gai da yayar mijinta. Ni ce matar Auta. Ban iya rubutu kamarsa ba, kuma ba ni da haƙurinsa, sai ki karanta a yadda ya zo.

Takardarki ta iso. Kwana biyu janareta ba mai, sai ranar Asabar da hantsi malamar ofis ta samu ta buga ta, ta ninke ba ta karanta ba, ta kawo masa da gudu. Daidai lokacin motar ke shigowa fili da kwantenar. Ina tsaye kusa da shi. Ya karɓa ya sa a aljihun gaba yana murmushi, ya ce, "Wasiƙar Yaya ba a karanta ta a tsaye. In na gama sai in zauna in sha faɗa."

Mutum ya fi dubu biyu a filin, kowa riƙe da kwalin ƙafarsa. Ban taɓa ganin layi ya nutsu haka ba tun da muka zo. Ya hau kan benci ya ɗaga kwaɗon ya nuna wa kowa, ya ce, "Kun ga ban taɓa ba?" Suka ce sun gani. Aka yanke, aka buɗe, har da tafi.

Wata tsohuwa ce a gaba. Ya duba kwalinta, ya kwance buhun farko ya zaro biyu, ya durƙusa zai saka mata da hannunsa. Ta ce, "Ɗan nan, ai duka ƙafa ɗaya ka ba ni." Ya yi dariya ya ce, "Afuwan Iya, bari in nemo ɗan'uwansa." Ya zazzage buhun. Ya zazzage na biyu. Har na biyar ya zazzage, duk ƙafar hagu ce.

Wani daga baya ya ce, "Ina sauran?"

Ya ce, "Wallahi ban sani ba."

"Yayarka ce ta aiko, ka ce ba ka sani ba?"

Sai wata murya ta ce, "Haɗa baki suka yi! A ba mu hagu kyauta, na dama kuma mu je shagonsa mu saya! Ba shumeka ba ne?"

Shi ke nan, Yaya. Ba wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa a gabansu aka yanke kwaɗon. Da takalmanki suka fara jifansa. Wani ƙaton takalmi irin na masu aikin gini ya same shi a baki, jini ya ɓalle. Suka jawo shi daga ƙofar kwantenar ya faɗo ta ka. Na tura 'yarmu ƙarƙashin motar na shiga tsakiyarsu ina ihu, wani ya naushe ni a ido, wata ta finciko ni ta gashi ta yar. Ina ƙasa ina kallonsa ta tsakanin ƙafafu. Ya dunƙule ya rufe kansa da hannu, yana ta cewa, "Ku tsaya a bincika, ku tsaya a bincika." Har a lokacin haƙuri yake ba su.

Sai mutane suka dare, Mahauci ya shigo. Na ɗauka ceto ya zo, har na kira shi. Rodi ne a hannunsa, irin wanda suka tono Inna da shi. Ya zaro ɗan kwalin 'yarsa ya jefa wa mijina a fuska. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ka ce mini in jira. Ka ce na gaske na zuwa. Wannan ne na jira?" Ya taka masa gwiwar hagu ya sauke rodin a ƙaurinsa. Sau huɗu, na ƙirga. Mutum ne da ya san inda ƙashi yake. Ƙarar ba za ta bar kunnena ba har in mutu.

Wasu suka zuƙo mai daga motar suka watsa a cikin kwantenar suka ƙyasta. Kwana taran da kuka yi, minti nawa ya ɗauka? Hayaƙin roba ya rufe filin, baƙi ƙirin, yara suna ta amai. Hayaƙin ne ma ya cece shi, don shi ya kore su. Na jawo 'yarmu daga ƙarƙashin motar, ni da tsohuwar nan muka ja shi a kan buhu har tantin likitoci, tana tafe da warinki ɗaya a ƙafa.

Da suka yanke masa riga na ga takardar a aljihu, ta jiƙe da jini amma tana karantuwa. Na karanta ta sau uku. Sannan na tafi tantin Mahauci da idona a kumbure, na tsaya a tsakiyar masu ƙona kayan na karanta ta da ƙarfi tun daga sama har ƙasa. Mahauci ya zauna daɓas a ƙasa. Na tofa masa yawu na tafi, kuma ban yi nadama ba.

Yau kwana huɗu. Zazzaɓi ya ƙi sauka, ƙafar ta fara wari. Likita ya ce yana iya ƙoƙarinsa.

Na san don Allah kika yi. Amma layi ɗaya ne, Yaya. Layi ɗaya a takardarki ta farko da yanzu yana tsaye. Kin ɓoye wa ɓarayi, kin ɓoye wa ƙaninki, ɓarayin kuwa ƙafafunsu lafiya lau. Ina jin haushinki, gara in faɗa miki da in ɓoye.

Ki huta lafiya.

Matar Auta

*

Zuwa ga Auta, ta hannun matarsa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, ina yi muku sannu. Ƙanwata, ki karanta masa wannan in yana ji. In ba ya ji ki ajiye.

Duk abin da kika faɗa haka ne. Na zauna zan rubuta miki cewa laifin mai takardun tasha ne, laifin janareta ne, laifin ɓarayi ne. Na rubuta shafi guda na yaga. Ba don hannuwan da takarda ke bi kaɗai na yi shiru ba. So nake ya buɗe ya gani ya ce lallai Yaya. Shekara goma sha ɗaya ban tsinana wa gidanmu abin da za a nuna ba, na so a nuna wannan. Gaskiyar ke nan, kuma ta fi zagin da kika yi mini ciwo.

Na koma ɗakin taron jiya don in mayar da makulli. Akwai ragowar takalman da suka zo a makare, jere a kan teburi, kowane da ɗan'uwansa. Na yi ta jifan bango da su har mai gadi ya riƙe ni.

Mahauci kuwa, ku ba da sunansa a kama shi. In ba wanda zai kama shi a can, ni zan zo, kuma wallahi sai ya san ya taɓa ɗan Inna. Na nemi izinin tafiya a wurin aiki, sun ce sai wata mai zuwa.

Auta, ni ce na goya ka ranar da ka fara zazzaɓi a duniya. Ni ce kuma na tura ka tsakiyar filin nan. Mako biyu ke nan ba amsa daga gare ka, kullum ina gaban wayar. Ba na neman doguwar takarda. Ka rubuto da hannunka in san kana nan, ka kuma gaya mini ko ka yafe. Ko a'a ce ka rubuta, zan ɗauka.

Allah ya tashi kafaɗarka.

Yayarka

*

Zuwa ga Yayata,

Wa'alaiki salam. Bayan gaisuwa. Ga hannuna, kin gani. Ina nan.

Likitoci sun yanke ƙafar, ƙasa da gwiwa. Tun ranar zazzaɓin ya sauka.

Kwantenarki ta biyu ta iso ranar Laraba, ba a taɓa ko buhu ɗaya ba. Mahauci ne ya ɗebi mutum takwas suka tafi tasha a ƙafa, suka zauna a kanta kwana uku har aka sake ta. Ba wanda ya aike shi. Kada ki zo don shi, ki bar shi da abin da ke cikin zuciyarsa.

Mu goma sha bakwai ne a tantin nan da girgizar ko wani abu ya bar mu da ƙafar dama kaɗai. An fara da mu. Sauran kuma na ce a kawo mini taya da kwalayen nan, in na iya zama zan ɗinka musu hagu. Ki aiko da zare mai ƙwari da basilla, kuma ki rubuto a takarda abin da ke cikin kwalin da za ki aiko.

Nawa Mahauci ne ya zaɓo da kansa. Bai shigo ba, a bakin tanti ya ajiye ya tafi. Baƙi ne mai igiya, lamba ɗari shida da goma sha huɗu. Na gane rubutunki a ciki, har yanzu huɗunki kamar kujera take.

Tambayar da kika yi, Yaya, ki bar ni da ita tukuna. Takalmin dai ya yi mini daidai.

Ki huta lafiya.

Ƙaninki,
Auta